Kaset Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Loretta Banik ba ta taɓa ƙarasa shan gahawa a zaune ba. Duk wanda ya yi aiki da ita, daga Ohio har Nebraska, zai ba ka wannan shaida. Takan zuba, ta kurɓa sau biyu, ta ɗora kofin a kan littafin wani, kafin ka ɗago kai ta kai ƙarshen baranda tana yi wa wani bayanin abin da bai tambaye ta ba. Masu shara na jami'o'i shida sun san alamarta. In aka ga rabin kofi ya huce a bakin taga, to Malama Banik ta bi ta nan.

An haife ta a shekarar 1949, a wani ƙaramin gari na bakin kogin Ohio, inda mata kan duba inda hayaƙin masana'antar ƙarfe ya dosa kafin su shanya wanki. Mahaifinta, Anton, shekara talatin da huɗu ya yi a gaban tanderu ɗaya, kuma kujera ɗaya ya sani a gidansa har ta ɗauki siffar jikinsa. Sai ga shi ya haifi 'yar da kai ka ce kurciya aka yi mata tun tana zanin goyo. Kullum maganarsa gare ta ba ta wuce, "Loretta, zauna mana, kujera ba ta cizo."

Abu ɗaya ne ke zaunar da ita, hirar mata. Ranar Juma'a matan unguwa kan taru a ɗakin girkin coci suna murza ƙullun fulawa, ita kuma ta shige ƙarƙashin tebur ta yi lamo. A nan ta fara lura cewa abin da mace ke faɗa hannunta cikin fulawa daban yake da abin da za ta faɗa da zarar limamin cocin ya leƙo. Da ta shiga jami'a ta tarar ashe fanni guda ne wannan, ana ce masa ilimin zamantakewa. Ta dawo gida tana rawar ƙafa ta yi wa Anton bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wato yanzu har gulma ake ba wa digiri. Bai hana ta ba, amma har ya mutu in an tambaye shi aikin 'yarsa, cewa yake yi malamar makaranta ce kawai.

Wadda ta koya mata aikin wata tsohuwa ce, Dakta Whitlow, mai shan taba kamar ba gobe. Matakai uku ta ba ta. In kin kunna rikoda, fara gwada murya: tambayi mutum me ya karya kumallo da shi, don kowa ya san amsar wannan kuma ba mai jin kunyarta. Na biyu, ki karanta masa alkawari rikodar tana ɗauka, ya ji ya amsa: za a sauya sunansa, ba wanda zai ji kaset ɗin sai ke, kuma ana gama littafi za a lalata shi. Na uku, ki yi shiru. Loretta ta ce na ukun nan ne zai zama ajalinta. Abin mamaki, da zarar jan fitilar rikoda ya kama, sai jikinta ya mutu, ƙafar nan mai kaɗawa ta tsaya, ta koma yarinyar ƙarƙashin tebur.

A 1979, tana sabuwar malama a wata babbar jami'a, ta ji za a rufe wani kamfanin ɗinka riguna a cikin duwatsun Pennsylvania, mata ɗari huɗu za su rasa aiki. Ta loda rikoda a tsohuwar motarta ta tafi. Mata arba'in da huɗu ta yi hira da su a damina ɗaya, ɗakin girki bayan ɗakin girki, ta sha gahawar da ba ta ƙirguwa, rabi-rabi. Ta talatin da ɗaya ita ce Verna Dusek, mai ɗinka wuyan riga, shekara goma sha shida a kan keken ɗinki ɗaya. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma tun a bakin ƙofa ta ƙare wa Loretta kallo ta ce, "Ke 'yar boko, ba sa ba ku abinci ne a jami'ar?"

Ana zafi ranar. Suka zauna gaban fanka, aka gwada murya, 'yar Verna mai shekara tara ta ratso ɗakin a guje ta fice, uwar ta bi ta da faɗa, sannan Loretta ta karanta alkawari Verna ta ce ta yarda. Aka yi ta maganar kamfani, da mai sa ido a kansu, da ciwon wuyan hannu. Bayan wajen rabin awa ana hira, sai Verna ta yi shiru. Loretta ta danne harshenta kamar yadda aka koya mata. Shirun nan ne ya jawo abin da ya biyo baya.

Verna ta ce akwai wata safiya, 'yarta Paulette tana da shekara uku, da ta kai ta gidan maƙwabciya ta ce za ta je asibiti. Ba asibiti ta nufa ba. Jaka ta ɗauka ta shiga motar Pittsburgh, daga can ta yanki tikitin wata motar zuwa yammacin ƙasar, ba da niyyar dawowa ba. Mijinta ba ya dukanta, ba ya shaye-shaye, yarinyar lafiyarta ƙalau. Ita dai ta duba ranta ne ba ta ga son 'yar a ciki ba, kuma ta gaji da yin kamar akwai.

"Kin san me ya dawo da ni?" in ji ta. "Kada ki ce uwa da ɗa sai Allah. Ƙanƙara ce ta rufe hanya aka soke motar. Da ta tashi, da na bi ta. Son yarinyar nan daga baya na koye shi, yadda na koyi keken ɗinki, da yi kullum har hannu ya saba. Yanzu ko ƙwarzane ta yi a jikina nake ji. Amma wannan ba na littafinki ba ne, kin ji ko? Ko kin sauya suna, ko kin ce a wata duniya aka yi. In ta ji, ba za ta ji na ƙarshen ba, na farkon za ta ji."

Loretta ta ce ta ji. Ta fito daga gidan ta san sarai abin da ke cikin jakarta. Duk mai wannan sana'a yana shekara da shekaru yana jiran magana ɗaya irin wannan, wadda za a ɗora littafi guda a kanta ya tsaya.

Ba ta sa maganar a littafin ba. Littafin ya fito bayan shekara huɗu, tsaf da shi, cike da alƙaluma da maganganun mata masu sunayen aro. A jami'o'in ƙasar nan kuwa al'adar ita ce malami ya yi shekara shida ana kallonsa, a ta bakwai manyan sashe su shiga ɗaki su rufe ƙofa su jefa ƙuri'a: ko kujerar dindindin har tsufa, ko ka tattara naka ya naka. Maza tara ne suka shiga ɗakin, waɗanda rabinsu ba su taɓa zama a ɗakin girkin kowa ba, har na gidajensu. Suka fito suka ce littafin yana da ƙashi amma ba tsoka. Loretta ta san inda tsokar take, tana cikin aljihun kwat ɗinta. Ta ji haushinsu, ta ji haushin Verna, ta fi jin haushin kanta da ta ji haushin Verna.

A aljihun kwat, na ce, don ga inda gizo ke saƙar. Da littafin ya fito, ta kai kaset-kaset ɗin bayan gida ta zazzare su ta ƙona a cikin tsohuwar ganga, kamar yadda ta yi alkawari. Arba'in da uku ta ƙona. Na talatin da ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce wa kanta wataƙila Verna ta sauya ra'ayi wata rana. Sau biyu ta rubuta mata tana roƙon izinin amfani da maganar. Sau biyu amsar ta zo a bayan katin Kirsimeti, kalmomi iri ɗaya: "A'a. Ki riƙa cin abinci." Ba ta taɓa gaya wa Verna cewa kaset ɗin yana nan ba.

Daga nan aka shiga yawo. Shekara ɗaya a Kentucky, biyu a Michigan, uku a wata kwaleji a Oregon inda ruwa ba ya ɗaukewa, tana koyar da ajin da manya suka ƙi, tana kwana a ɗakunan haya masu warin kyanwar wasu. In an tausaya mata sai ta yi dariya ta ce ai zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. A tsakani ta auri wani masanin duwatsu, mutum mai haƙuri irin na abin da yake nazari. Bayan shekara huɗu ya ce mata cikin ladabi ya gaji da auren iska, suka rabu ba faɗa. Duk ƙaurar da za ta yi, in ta hau babbar hanya gari ya ɓace a madubi, sai ta tura kaset ɗin cikin rediyon mota, ta wuce farkon, ta kai daidai wurin shirun nan. Ta daɗe da daina yi wa kanta ƙaryar jiran izini. Ita mai tafiya ce kullum, kuma tana son jin muryar wadda ta so tafiya ta zauna.

Sai da ta kai hamsin da ɗaya wata ƙaramar kwaleji a Nebraska, a tsakiyar gonakin masara, ta ba ta kujerar da aka hana ta. Shekara goma sha tara ta yi a can ba ta kafa ƙusa ɗaya a bangon ofishinta ba. Ɗalibai suna son ta suna tsoronta. A kan komai tana da sassauci ban da alkawarin mai hira. Ta taɓa kayar da wani haziƙin yaro don kawai ya ambaci sunan gaskiya na wanda ya yi hira da shi, ta tsaya gaban aji tana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tana faɗa tana jin kunya na cin ta, don kaset ɗin yana cikin durowar teburinta, taku goma daga inda take tsaye.

A watan Mayun 2019, tana da shekara saba'in, saura mako ɗaya ta ajiye aiki, saƙo ya shigo kwamfutarta. Daga Paulette ne, 'yar Verna. Ta ce mahaifiyarta ta rasu a hunturun da ya wuce. A cikin kayanta ta ga takardar yarjejeniya mai sa hannun Loretta. Ta karanta, ta ga an ce za a lalata kaset, ta san da wuya, amma ko Allah zai sa an manta da shi a wani kwali? Verna ba ta yarda da waya ba, ba ta taɓa barin saƙon murya ba, ko a bikin aure in an nufo ta da na'ura sai ta juya baya. Babu muryarta ko'ina a duniya.

Hanya mafi sauƙi a buɗe take: ta ce an ƙona, kamar yadda takarda ta ce. Amma Loretta a tsaye ta karanta saƙon, kuma a tsaye ta amsa, yadda ta yi komai a rayuwarta. Ta rubuta, "Yana nan," ta tura. Sai da ya tafi ta tuna da alkawarin. Kafin ta zagaya ofis sau biyu amsa ta dawo: "Ina tafe ranar Alhamis."

Kwana ukun nan ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta ɗaure kwalaye ta kwance, ta zagaya filin ƙwallon kwaleji har mai yankan ciyawa ya tambaye ta ko wani abu ta yar. In ta ba da kaset ɗin, ta ci amanar matacciya, kuma ta ɗora wa marainiya kayan da ba mai sauke mata. In ta hana, ta taso mace daga tafiyar awa goma sha shida don ta ce mata a'a. Wani lokaci zuciyarta ta ce ai ƙarshen maganar so ne tsantsa, wace 'ya ce ba za ta so ji ba? Sai ta tuna Verna ta riga ta amsa wannan tun kafin a tambaya. Ranar Laraba da safe ta ɗauko tsohuwar rikodar, ta mayar da kaset ɗin can farkonsa, wurin da ta shekara arba'in tana tsallakewa, ta saurara. Da ta gama ta ɗiga farin fenti a wuri ɗaya a jikin zaren, ta kuma juya kaset ɗin ta saurari ɗaya gefen a daidai nan ta tabbatar ba komai a kai.

Paulette ta iso da hantsi, da rigar aikinta ta gidan waya a kujerar bayan motarta. Shekararta arba'in da tara, doguwa, da tsayuwar uwarta sak, har Loretta ta ji kamar za a tambaye ta ko ba sa ba ta abinci. Ta shigo ofis ta bar ƙofa a buɗe, ta zauna a kan kwali don an riga an kwashe kujerun baƙi. Ta ce ba ta zo da dogon buri ba. "Na fara manta yadda take kiran sunana, Farfesa. Shi ke nan abin da ya taso ni."

Loretta tana tsaye, tana kai da kawowa tsakanin taga da tebur, ta gaya mata gaskiya: akwai alkawari, ita ta karya rabinsa da ta ajiye kaset ɗin, ta roƙi Verna izini ta ƙi, kuma ba za ta iya ba ta shi ba.

Paulette ta dube ta. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba. "Wato shekara arba'in kina riƙe da uwata a durowa don jin daɗin kanki, ba ki tuna amana ba. Sai yau da ni nake nema kika zama mai amana."

"Gaskiyarki," in ji Loretta.

"Akwai abin da ta faɗa a kaina ne?"

"Ko na ce e ko na ce a'a, na buɗe bakin da ta ce in rufe."

"Ai kin ba ni amsa ke nan."

"Ban ba ki ba. 'Yar kowace daga cikin matan nan ta zo, abin da za ta ji ke nan."

Sannan ta yi mata bayanin yadda ake aikin. Kafin a karanta alkawari akan gwada murya. Wannan ɗan guntun, minti ɗaya da rabi, ba ya ƙarƙashin alkawarin kowa, kuma shi za ta iya bayarwa. Sharaɗin ɗaya ne, sai an yanke kafin a kunna. "In na kunna yana haɗe," ta ce, "ba ni ba ke, ba mai iya danna shi ya tsaya."

Ta kwance 'yan kusoshin kaset ɗin, ta jawo zaren har wurin farin ɗigo, ta ɗauki almakashi. Paulette ta miƙe ta ɗora tafinta a kan kaset ɗin gaba ɗaya. Ta fi Loretta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma motarta na bakin ƙofa. Loretta ba ta yi yunƙurin hana ta ba.

"Sau nawa kika roƙe ta?" Paulette ta tambaya.

"Sau biyu."

"Me ta ce?"

"Ta ce a'a. Ta ce in riƙa cin abinci."

Wata 'yar dariya ta kufce wa Paulette, hawaye na biye da ita. "Ita ce kam. Mama in ta ce a'a, ko limamin coci ya haƙura." Ta ɗage hannunta, ta kama zaren da yatsu biyu nan da biyu can, ta miƙe shi sosai. "Yanke, Farfesa, tun ban sauya zuciya ba."

Loretta ta yanke. Ta liƙa guntun a ɗaya ƙafar da zaren ke naɗewa, da salatif, ta mayar da kusoshi. Sauran kuwa ta yi ta zarewa tana daddatsawa cikin kwandon shara, tashar mota da ƙanƙara da keken ɗinki duka, har ya taru kamar gashin da aka aske. Ta ji baƙin ciki irin na wanda ya binne aboki, ta kuma ji wani nauyi ya bar wuyanta, ba ta san wanne ya fi ba. Ta sa kaset ɗin a rikoda, ta tura wa Paulette ta ce mata ta danna da kanta, rikodar ma ta bar mata.

Aka ji ƙarar fanka. Aka ji muryar Loretta ta ƙuruciya, cike da gaggawa, tana tambaya me aka karya kumallo da shi. Sai ga Verna, garau, kamar tana bayan kwalayen nan.

"Ƙwai biyu da gasasshen burodi. Burodin ya ƙone, don wata mai rikoda ta buga min ƙofa tun ban shirya ba. Ke me kika ci? Ba komai, ko? Na gani a wuyanki." Aka ji takun gudu, da ƙarar ƙofar raga ta bugu ta sake buɗewa. "Paulette. Ke Paulette, dawo ki rufe min ƙofar nan, ƙudaje za su cinye mu. Kuma sa takalmi, 'yar nan, akwai kwalba a waje."

Paulette ba ta san ta miƙe ba. Ta taka ta rufe ƙofar ofis a hankali, ta tsaya a nan hannunta a kan mariƙi, goshinta a jikin katako. Zaren ya ƙare, rikodar ta yi ƙas ta tsaya. Loretta ta laluba bayanta ta sami kujerar da ta rage, ta zauna, ta jira.